Cinikin Motar Injiniya Rufa'i

Onne, kusa da Fatakwal,
4 ga Maris.

Zuwa ga Kawu Mainasara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna Lubabatu da yara da dabbobi. Ya zafin Tudun Wada? Ya gwiwar nan da take damun ka? Ni lafiyata lau, sai kewar gida.

Na san tun da kunnenka ya yi nauyi ba ka son a yi maka muhimmiyar magana a waya, ka ce rabi kake ji, rabi ka cika da zato. Shi ya sa na rubuta. Zan ɗauki hoton takardar in tura wayar Inna Lubabatu ta nuna maka.

Kawu, maganar mota ce. Ka tuna Injiniya Rufa'i, ma'aikacin ruwa na Tiga, wanda ya rasu shekara huɗu da suka wuce? Yana da wata baƙar mota ƙirar Jamus mai silinda takwas. Lokacin da nake koyon aiki a gareji a Kwanar Dangora, tun ba ta iso ba muke gane ta, don ba ta ƙara irin ta sauran motoci, gurnani take yi ƙasa-ƙasa har ka ji shi a ƙirjinka. Wata rana ya tsaya shan mai, ya gan ni ina zagaya ta, sai ya buɗe mini bonet ya ce in kalla in ƙoshi. Ranar na san abin da nake so in zama.

Wani abokina ya ce motar tana nan a gidansa lulluɓe da tamfol, kuma matarsa Hajiya Baturiya ta sa ta a kasuwa. An ce ba ta tashi.

Na gaji da teku, Kawu. Shekara shida ina gyaran injin jirgin ruwa, in mun fita sai mu yi mako uku ba sabis, ba labarin kowa. Ina so in dawo in buɗe garejina a Kwanar Dangora, na manyan motoci, irin waɗanda masu su suke ja har Kaduna ko Abuja don ba su yarda da hannun kowa a nan ba. To amma wa zai miƙa mini motarsa don kawai na ce na iya? In na tayar da motar Injiniya, wadda kowa ya san ta mutu, na ajiye ta a bakin titi, ba sai na buga allon talla ba.

Duk abin da na tara miliyan biyar ne, a ciki za a saya, a ciki za a gyara.

Na san za ka ce kai shanu ka sani. Amma shekara arba'in kana dillanci a kara, ban taɓa jin wanda ya zauna ciniki da kai ya tashi yana dariyarka ba. Ka je ka duba mini ita. Ka tafi da batir mai kyau, a gwada tayarwa, a ɗauko mini ƙarar a waya tun daga murɗa mukulli.

Ka gaishe da Adda in ka shiga Kiru, amma kada ka faɗa mata tukuna.

Ɗanka,
Jamilu.

*

Tudun Wada,
11 ga Maris.

Ɗana Jamilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, zafi kam ya kai zafi, shanu duk sun koma bakin rafi. Gwiwa tana nan, muna zaman haƙuri da ita. Na ga Adda, mahaifiyarka, ranar Juma'a, lafiyarta ƙalau. Ban faɗa mata komai ba, amma ta kalle ni ta ce, "Me yaron nan ya sa ka kuma?" Ka san tun muna yara ba na iya ɓoye mata fuska.

Na je Tiga jiya. Na ɗauki Muhammad direba na tasharmu, ya zo da batirinsa.

Jamilu, ban san mota ba, amma na san dabba mai asali. Da aka janye tamfol ɗin sai da na ja baya. Ƙirjinta faɗi gare shi, bayanta a dunƙule, ta duƙa ƙasa kamar bajimin da ya ga abokin karo. Tayoyi sun kwanta, ƙura ta rufe ta, kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinta, amma duk da haka in ka tsaya gabanta sai ka ji kamar kallon ka take yi. Na zagaya ta sau uku. Ban ga inda aka taɓa bugun ta ba. Na ƙwanƙwasa jikinta ko'ina, ba tsatsa sai ɗan kaɗan a ƙasan ƙofar baya. Kujerun fata ne, na direba ya tsage. Ɓeraye sun yi gida a ciki, sun ci wayoyi. Muhammad ya ce lagireto, wato ma'ajiyar ruwan injin, yana yoyo.

Hajiya Baturiya dattijuwa ce, za ta yi sittin da 'yan kai. Tana da kwamin kifi guda shida a bayan gida, ita take kula da su da kanta, tare da ƙanwarta Asabe. Ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar mangwaro, ta kawo ruwa da fura kafin ta tambayi abin da ya kawo mu. Mace ce mai magana ɗaya. Ta ce ba don son ranta take sayarwa ba, ɗanta Munir da yake aiki a Abuja ne ya matsa, ya ce motar tana ruɓewa a banza, ita kuma tana son ta ƙara kwami ta haƙa rijiyar burtsatse.

Akwai wanda ya riga mu. Sunansa Mas'ud, yana sayar da kayan mota a Kano. Ya zo da bakanikensa, sun duba, sun ce mata injin ya buga, ba ya gyaruwa, sai dai a yanka motar a sayar da ita gunduwa-gunduwa. Ya taya miliyan biyu. Ta ce masa ya dawo bayan mako biyu. Da take faɗin kalmar "yanka" na ga ta kau da kai.

Muhammad ya ɗaura batir ya murɗa. Ta yi ta juyi ba ta kama ba. Mun ɗauki ƙarar kamar yadda ka ce, Lubabatu za ta tura maka. Ni ban ji komai ba sai kamar ana niƙa daga nesa.

Ban taya ba. Ba a taya ranar farko.

Kawunka,
Mainasara.

*

Onne,
12 ga Maris.

Kawu,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa, a gaishe da kowa. Ka yafe mini gajeruwar takarda, jirginmu zai tashi nan da awa biyu, sai bayan mako uku.

Na saurari ƙarar nan ya fi sau ashirin. Kawu, injin nan bai buga ba! Injin da ya buga ko dai ya ƙi juyawa, ko ya riƙa ƙwanƙwasa kamar ana dukan ƙarfe. Wannan juyi yake yi sumul, silinda takwas ɗin duk numfashinsu ɗaya. Abin da ban ji ba shi ne ɗan zuuu ɗin da famfon mai yake yi in an murɗa mukulli. Mai ne ba ya zuwa. Ko famfon ya mutu, ko ɓerayen nan sun cinye wayarsa. Aikin kwana biyu ne. Ko dai bakaniken Mas'ud bai san aikinsa ba, ko kuma ya san shi sarai.

Allah ne ya kawo mana. Tunda Hajiya ta ɗauka injin ya mutu, kada
ka sanar da ita abin da na gano. Ka ɗora ɗan wani abu a kan tayin Mas'ud, ko dubu ɗari biyu, ka karɓi takardu. Zan bar wa abokina umarnin tura kuɗi da zarar ka ce.

Na san hannunka, Kawu. Kafin in dawo na san an gama.

Jamilu.

*

Tudun Wada,
20 ga Maris.

Ɗana Jamilu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, an shiga azumi cikin zafi, Allah ya karɓa mana. Na san ba za ka ga wannan ba sai ka fito daga ruwa, amma gara ka tarar da ita tana jiran ka.

Na koma Tiga. Na ga a takardarka layin da ya fara da "ka sanar da ita abin da na gano", to na sanar da ita. Na ce mata ɗana bakanike ne na injin jirgin ruwa, ya saurari motar daga Fatakwal, ya ce injin lafiyarsa lau, mai ne kawai ba ya kaiwa.

Ta ajiye farantin shinkafar da take tsincewa. Can ta ce, "Daga Fatakwal ya ji wannan? A waya?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "Mutum biyu sun kwanta ƙarƙashinta rabin yini ba su ji ba." Na ce wannan kuma tsakaninsu da Allah.

Ina zaune Mas'ud ya kira ta. Ta ce masa, "Malam Mas'ud, kada ka wahalar da man motarka, an fasa." Ta kashe wayar ta ɗora a kan tabarma, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Daga nan ta kira Munir, ya bincika, ya ce irin motar nan in tana tafiya ana neman miliyan bakwai zuwa takwas. Yanzu dai Hajiya ta ce bakwai.

Kada hankalinka ya tashi. Yanzu aka fara ciniki.

Kawunka,
Mainasara.

*

Onne,
4 ga Afrilu.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ya ibada? Mun sauka yau da safe. Ko wanka ban yi ba na buɗe waya, ina zaton zan ga hoton takardun mota.

Kawu, me ka yi mini haka? "Kada" na rubuta. Na koma na duba hoton da na turo, kalmar tana nan a ƙarshen layi, ba ta yanke ba. Ko da ta yanke, jimlar da ta gabace ta ba ta isa ta nuna maka nufina ba? Motar da za mu samu a miliyan biyu da 'yan kai ta koma bakwai da bakinmu. Ba mu ne muka yi mata ƙarya ba, Mas'ud ne. Shiru kawai na ce a yi. Shiru laifi ne?

Ka san yadda na tara kuɗin nan? A ɗakin inji nake wuni, zafinsa ya fi na gidan burodi, jirgi yana tangaɗi ina amai ina riƙe da sifana. Sallah huɗu ban yi a gida ba. Na zaɓe ka ne don ka fi kowa iya ciniki, sai ga shi ka yi wa mai kaya dillanci a kaina.

Ba ni da bakwai. Ko shida ba ni da shi. Ka bar maganar kawai.

Jamilu.

*

Onne,
19 ga Afrilu.

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na kira wayar Inna Lubabatu ranar Sallah, ta ce ka fita. Na sake kira washegari, ta ce kana lafiya, ba ka ba ta saƙo ba. Kwana goma sha biyar ke nan ban ga rubutunka ba.

Na sake karanta abin da na rubuto maka, na ji kunya. Ko da ina da gaskiya a kan kuɗi, ba haka ake yi wa wanda ya goya ni a wuya zuwa kara magana ba. Adda ta kira ni ta ce ka je Kiru gaisuwar Sallah, ka ci abinci ka yi raha da kowa, amma da aka ambaci sunana sai ka tashi ka ce za ka yi alwala. Ta tambaye ni me na yi.

Ka yafe mini. Mota ta tafi, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Amma shirun nan naka ya fi mini ciwo.

Ɗanka,
Jamilu.

*

Tudun Wada,
26 ga Afrilu.

Ɗana Jamilu,

Wa alaikumus salam. Barkanmu da Sallah. Kowa lafiya, an yi yayyafin farko shekaranjiya, ƙasa ta yi ƙamshi, manoma sun fara duba garma.

Takardarka ta 4 ga Afrilu ta ɓata mini rai kwana biyu, ba zan ɓoye ba. Daga nan ta wuce. Ban yi shiru don fushi ba. Ba na son in rubuta maka rabin labari ne, kuma akwai abin da nake juya yadda zan faɗa maka.

Na ga "kada" ɗin, Jamilu. Idona bai kai kunnena lalacewa ba. Na gan ta, na tsallake ta, sannan na rubuto maka kamar ban gani ba. Wannan na ƙarshen shi ne kuskurena, don da na faɗa maka kai tsaye cewa ba zan iya ba. Kai ma ka yafe mini.

Ka tambaye ni ko shiru laifi ne. Bari in ba ka labarin da ko Lubabatu ba ta sani ba. Shekarata ta uku da fara dillanci, wata tsohuwa daga rugar wajen Doguwa ta kawo saniya kara. Mijinta ya rasu, an ce mata saniyar juya ce, ba ta haihuwa, ta sayar wa mahauta. Na shafa cikinta, na san tana ɗauke da ciki. Ban yi ƙarya ba, ban ce juya ce ba. Shiru na yi, na saya wa kaina a kuɗin nama. Bayan wata huɗu ta haifi karsana. Da abin ya dame ni na hau keke na tafi rugar in cika wa tsohuwar, na tarar sun tashi, an ce sun yi kudu. Na yi cigiya shekara biyu ban same ta ba. Yau kusan rabin garkena jinin saniyar nan ne. Suna da kyau, kowa yana yaba su. Amma in na shiga da safe ina shafa shanu, hannuna ba ya daɗewa a kansu. Ba na so ka buɗe gareji da motar da ba za ka iya kallon ta da kyau ba.

Ka ce in bar maganar. Nan ma ban bi umarninka ba. Sau huɗu na koma Tiga.

Jamilu, shekara arba'in ina ciniki da Fulani da mahauta da fataken kudu, ban taɓa haɗuwa da irin Hajiya Baturiya ba. Zaman farko na ce, "Hajiya, bakwai kuɗin mai tafiya ne. Wannan kwance take." Ta ce, "Ɗanka ya ce aikin kwana biyu ne." Na ce, "Tashi ne aikin kwana biyu. Tafiya fa?" Na lissafa mata tayoyi huɗu, lagireto, wayoyi, kujera, birki. Na taya uku. Ta ce, "Albarka." Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Zama na biyu na je da shirin in kama ta a kan giyar motar, don Muhammad ya ce ba wanda ya san lafiyarta sai mota ta hau titi. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani littafi mai baƙin bango. Ashe Injiniya duk abin da aka yi wa motar nan rubutawa yake, kowane juyen baƙin mai, kowane filogi, da rana da wata. Ta buɗe mini shafin ƙarshe ta ce, "Malam Mainasara, karanta nan. Wata biyar kafin ya rasu aka sa sabuwar giya." Na karanta. Na ce, "Hajiya, kin kwance mini wannan." Na ƙara rabi. Ta sauko shida.

Zama na uku na tarar Mas'ud ya dawo, ba kunya, ya ce bakanikensa ne ya yi kuskure, yanzu ya taya biyar. Gabana ya faɗi, don ba ni da abin da zan ɗora a kan wannan. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "In ka saya, me za ka yi da ita?" Ya ce akwai mai neman injin a Legas. Ta ce, "To a gaishe da Legas." Da ya fita ta juyo ta ce mini, "Kada ka yi murna. Don na kore shi ba yana nufin na sauko maka ba." Na ce ban yi ba, alhali murna har kunnena.

Zama na huɗu na bar dabara. Na ce mata, "Hajiya, ban taɓa buɗe wa mai kaya aljihun mai saye ba, yau zan yi. Yaron nan biyar gare shi duka. In ya ba ki biyar, motar za ta tashi daga ƙarƙashin tamfol ɗinki ta koma ƙarƙashin nasa." Na ba ta labarin garejin da kake so, da ranar da Injiniya ya buɗe maka bonet. Ta ce, "Halinsa ne. Sai ya tsaya yi wa yara bayanin inji abinci yana hucewa." Ta tambayi nawa rijiya da kwami biyu za su ci, Asabe ta faɗa mata. Sai ta ce, "Huɗu. Na sallama."

Ta haɗa maka da littafin, da wasu akwatuna uku na kayan gyara da Injiniya ya ajiye a sito, ba ta taɓa nuna wa Mas'ud su ba. Sharaɗinta ɗaya: ba za a ja motar a fitar da ita kamar gawa ba. A tsakar gidanta za ka gyara ta, ta fita da ƙafarta.

Da za ta ba ni la'ada na ce dillali ba ya cin gefe biyu. Ta ce to in karɓi kifi. Na karɓi kifi.

Sai ka ce a turo kuɗin, in har kana so.

Kawunka,
Mainasara.

*

Tiga,
9 ga Yuni.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa Legas lafiya da shanun, Allah ya ba da kasuwar layya mai albarka. Ka kula da gwiwarka a kan simintin nan. Gida kowa lafiya, na kwana biyu a Kiru wurin Adda, na biya ta Tudun Wada na gaida Inna Lubabatu. Abin haushi, na zo hutu kai ka yi kudu, mun yi saɓani a hanya. Na so a ce a gabanka na faɗi abin da zan faɗa: labarin saniyar nan na karanta shi sau ɗaya, ban sake buƙatar karantawa ba. Na gode da ka tsallake kalmar nan.

Yanzu ga labarin motar. Kwana biyun da na yi alkawari sun zama tara. Na sauke tanki, man da yake ciki ya zama kamar tsohon manja. Famfon ya mutu, wayarsa kuma ɓeraye sun raba ta uku. Na buɗe akwatin Injiniya na biyu, Kawu, sai ga sabon famfo a ledarsa, ya rubuta a jiki da biro: "In na farko ya gaji." Na zauna a ƙasa ina kallon rubutun. Mutumin nan ya san motarsa kamar yadda ka san garkenka. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya na ɗinke, na kai lagireto Kano aka gyara, na sa tayoyi, na yi juye, na wanke birki.

Hajiya ba ta taɓa zuwa ta tsaya a kaina ba. Da safe za ta wuce wurin kifinta ta ce, "Sannu da aiki, bakanike," da rana Asabe ta kawo abinci. Amma na lura tagar ɗakinta da take kallon motar kullum a buɗe take.

Jiya da hantsi na ɗaura batir. Na murɗa mukulli rabi, na ji zuuu. Na yi bismillah na ƙarasa. Ta juya sau ɗaya, sau biyu, ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, sai ta kama. Kawu, gurnanin nan ne, bai canja ba ko kaɗan. Kaji suka watse, maƙwabta suka fito, wani tsoho mai gyaran komar kamun kifi a ƙofar gida ya shigo ba sallama yana cewa, "Injiniya! Injiniya!" sannan ya tuna, ya tsaya ya cire hula.

Hajiya ta fito da kwanon abincin kifi a hannu. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Na kai hannu zan kashe, ta ɗaga mini hannu ta ce, "Bar ta." Mun fi minti goma a haka, injin yana ta gurnani.

Can ta ce, "Tana tafiya?" Na ce yanzu zan gwada. Ta ajiye kwanon ta ce, "Asabe, ɗauko takalmanki."

Suka shiga baya. Na fito a hankali, na bi ta gefen dam, ina lallaɓawa saboda ramuka da kuma dattijai biyu a mota. Giya tana shiga kamar ana zuba mai a tuwo. Da muka hau babban titi muka miƙa, hanya fetal ba kowa, ina kan sittin. Sai na ji murya daga baya: "Bakanike, amarya ka ɗauko?" Na ce a'a Hajiya. Ta ce, "To a nan Injiniya yake sakin ta."

Na taka totur. Kawu, ba gudu ta yi ba, miƙewa ta yi, kamar wadda ta daɗe a ɗaure. Kujera ta manne mini a baya, gonaki suka zama kore ɗaya. Asabe tana ta salati tana riƙe da kujerata. Na duba madubi, na ga Hajiya ta sauke gilashi, iska tana kaɗa mayafinta, hawaye yana gudu zuwa kunnenta, ita kuma dariya take yi har haƙoranta a waje. Ba zan rubuta maka inda maleji ya kai ba, don kada takardar nan ta faɗa hannun Adda.

Da muka dawo na tsaya a ƙofar gida, ban shigar da ita ba. Hajiya ta sauka, ta shiga ciki, ta fito da takardun motar da mukulli na biyu a cikin wani tsohon ambulan. Ta ɗora tafin hannunta a kan rufin motar, ta ɗan jima. Sannan ta miƙo mini ambulan ɗin ta ce, "Wancan karon kuɗi kawai na karɓa a hannun kawunka. Yau na sayar. Allah ya sa albarka." Ta juya ta shige, na ji tana ce wa Asabe kifi ba su ci abincin rana ba.

Gobe zan kai ta Kwanar Dangora. Na ga wani fili kusa da gidan mai, mai shi yana neman haya da tsada, kuma an ce mutum ne mai taurin kai. Ban taya ba. Ina jiran ka.

Ɗanka,
Jamilu.